Tsanin da Ba a Rubuta Ba

Ƙarfe biyu saura kwata na dare a Brno.
Tarago na ƙarshe ya wuce ta ƙarƙashin taga,
ya bar wayoyinsa suna karkarwa cikin sanyi.
Daga ni sai allo a hawa na huɗu,
sai shayin da ya huce tun sha ɗaya.

Ƙunshin ya ƙi ginuwa.

A kwamfutata yana tafiya sumul, kamar an shafa masa mai.
Na kai shi injin gini, ɗakin nan da ake sharewa tas
kafin kowane aiki, ko tsinke ba a bari,
ya yi tafiyar minti sha tara, ya ja birki,
ya watso min jajayen haruffa:
ban ga wane ba.

Wane ne kuma wane?

Na buɗe jerin abin da muka ce muna buƙata.
Gida biyu ne, haka Zbyněk ya koya min
ranar da na kama aiki, yana feraye tuffa da 'yar wuƙa.
Na dama 'yan rakiya ne,
duk inda manhaja ta je, ƙafarta ƙafarsu.
Na hagu 'yan ƙwadago ne,
su kwaɓa, su ɗora, su wanke hannu, su kama gabansu.
Radka, in ji shi, kada ki miƙa wa mutum makullin gida
alhali tsani na jingine a tsakar falo.

Na ƙirga 'yan hagu, talatin da ɗaya.
Ga tafinta mai mayar da rubutunmu yaren ƙarfe,
shi da sai da tsohonsa ake haifar sabonsa,
don da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Ga mai ɗinke guntaye, ga mai gwaji.
Kowa ya amsa sunansa.
Ginin ya dage akwai saura.

Da gari ya waye na buga masa waya.
Shekara biyu ke nan da ya ajiye aiki,
ya koma ƙauyen matarsa, gefen Znojmo, yana kiwon zuma.
Na same shi cikin dusar ƙanƙara,
ya kara kunne jikin amya, yana sauraron ko suna raye.
Na karanta masa sunan.
Shiru.
Sai dariya, har da tari.

Layi sittin ne, in ji shi, ko sittin da biyu.
Wata Asabar na rubuta shi, Libuše na haƙora,
tana kafaɗata, ina bugawa da hannu ɗaya.
Teburin kwanan wata kawai yake jerawa.
Ya zauna a kwamfutata, ranar da kika zo
na kwafe miki komai, har da shi.

Na ce, to don me bai shiga jerin ba?

Ya ce, wa yake rubuta hannunsa cikin kayan aiki?

Shekara sha ɗaya ke nan muna hawa
a kan abin da babu sunansa ko'ina.
Da tuni wata kwamfuta ta mutu, da shi ke nan,
mu tsaya muna kallon bene babu matakala.

Na naɗe layukan nan sittin, na yi musu ƙunshi nasu,
na sa sunan mai su, na ƙara layi ɗaya a hagu.
Talatin da biyu.
Minti sha tara ya zo, ya wuce bai waiwaya ba.
Allo ya yi kore.

Wadda za ta sauke manhajar gobe a Lima
ba za ta taɓa ganinsa ba, haka ya kamata.
Zai zo, ya jera kwanaki, a share ɗakin da shi.

Vendula mai duba aikina ta tambaya da rana,
wannan sabon kuma daga ina?
Na ce ba sabo ba ne. Ya girme ni a nan.
Na tashi na zubar da shayin jiya.