Ina Gajiya?

"Ina gajiya, Nomau?"
"Ba gajiya."
Haka aka koya mana tun muna yawo ba wando,
haka nake amsawa daga Bilbis har tashar albasa,
sau ashirin kafin hantsi.
Ƙarya ashirin kafin hantsi.

Ai na san gajiya, tsohuwar abokiyar ciniki ce.
Shekara goma sha tara ina saɓa buhu,
albasar Galmi mai tafiya Abijan,
in hau katako da ita har cikin gingimari.
Waccan gajiyar mai kunya ce:
ta zo da magariba, a ba ta ruwan zafi,
Tsayaba ta murza min man kaɗe a kafaɗa,
kafin assalatu ta ɗauki takalmanta.

Wannan ba ta yi sallama ba.
Tun azumin bara take kwana a tabarmata,
in na farka ta riga ni,
tana zaune a ƙirjina ta miƙe ƙafa.
Buta ta yi nauyi.
Buta fa!
Ina hutawa tsakanin sujada da sujada,
liman ya sallame, ni ina neman gwiwoyina.

Sarkin dako ya ce tsufa ne.
Arba'in da ɗaya gare ni.
Bizo ya ce zuciyata ce ta mutu,
in sha shayin farko, mai ɗacin.
Gwaggo ta ce hannu ne, ta aiko da turare.
Yaron da ke yawo da magani a faranti
ya ƙara min ja a kan rawayar da na saba,
biyu dala ashirin.
Yaran tasha ba su ce komai ba,
sun dai fara tura min ƙaramin buhu.
Da ma zagina suka yi.

Ranar Lahadi, Tawa cike da ƴan kasuwa,
na tsaya a tsakiyar katako,
ƙafa ta ƙi gaba, ta ƙi baya,
kunnena na kaɗa ganga.
Albasa ta watse har ƙarƙashin taya.

A babban asibiti, wata lokotoro,
ba ta girmi ƙanwata ba,
ta ce, "Ina gajiya?"
Na buɗe baki zan ba ta amsar gado,
sai na ga alƙalami a hannunta, yana jira.
"Tun yaushe? Da safe ko da yamma?
Barci na rage ta?"
Ba wanda ya taɓa tambayar gajiyata shekarunta.

Ta ja fatar idona ƙasa:
fari fat, kamar cuku.
Ta juya tafina, ta duba harshe,
ta tambayi abin da namiji ba ya faɗa wa mace.
Na dubi siminti na ce, "Baƙi. Kamar kwalta."

Takarda ta dawo da shida,
inda ake son sha uku.
"Jininka na yoyo ta ciki," in ji ta,
"ɗis, ɗis, kamar randa mai tsaga.
Ƙwayoyin nan da kake sha ba ka karya ba,
su suka ci maka tumbi."
Ashe abin da ke ɗaga min buhu
daga jikina yake karɓar ladansa.

Leda biyu aka ce.
Bizo ne ya fara naɗe hannun riga,
bai dube ni ba.
Takardar farmasi jika tara,
Tsayaba ta dawo daga kasuwa da igiya, ba akuya.

Wata biyu ke nan.
Jiya na ɗauki buta cike har bayan gida
ban sauke ba.
Buhu kuwa, an ce in jira.

Ɗazu ina zaune a ƙofa, Illa mai kabu-kabu ya rage gudu:
"Nomau, ina gajiya?"
Na ce, "Tana nan. Amma ta fara haɗa kayanta."
Ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa,
ya kashe inji.