Na Saya Ne Ko Haya Nake?

Shekara uku ke nan da na sayi manhajar nan.
Babur ɗina na sayar,
na cika da kwasar adashi,
na buga rasit na liƙa bayan ƙofa
a ɗan shagona na Tudun Wada,
inda kwalin ƙwai ke shanye amo a jikin bango.

Jiya da la'asar saƙo ya faɗo a allo:
sabon zubi ya fito,
tsofaffin masu saye an yi muku rangwame,
dala tamanin da tara kacal.
Kacal!
Na juya ta zuwa naira, na sake juyawa,
har janareto na ji ya canja murya.

Da na share, ba don Sagir ba.
Ya turo aiki daga Kaduna, Asabar ake so.
Na danna, manhaja ta ce ba ta san fayil ɗin ba,
wai ƙanwarta ce ta haife shi,
ita ba ta jin yarensa.

Mudi na kan benci yana ɓare gyaɗa.
Ya ce, kai dai da son wahala,
akwai yaro a Sabon Gari,
dubu biyu ya zuba maka fasasshiya, har da shayi.
Na ce, ka tuna Ɗanliti?
Waƙa arba'in fasasshiya ta haɗiye masa dare ɗaya,
har yau in ya ga mai su sai ya sake layi.

Zuwaira ta zo karɓar tallan shagon yayarta.
A Samaru take karatu, ita ma manhaja take rubutawa.
Ta ce, kuna so a toshe kurakurai, a ƙaro sauti,
mai toshewar kuma ya ci iska?
Kuskure ɗaya kan cinye mini mako.
Sai ta ɗan yi shiru.
Abin da ban yarda da shi ba, in ji ta,
a auna farashi da aljihun wata ƙasa
a ɗora wa mai karɓar dubu biyar a kan waƙa.

Lawandi ya leƙo ta taga:
tawa sau ɗaya ake biya, har abada.
Mudi ya ce, har abadan ɗan kasuwa
ran da ya sake shawara take ƙarewa.

Duk wannan Baba Tanimu na gefe,
kalangu a cinya, yana jiran a ɗauki kiɗansa.
Ya ce, wannan icen tun ina saurayi nake da shi.
Fata na sake ta fi sau talatin,
kowace na biya majemi, ban ji haushi ba.
Amma fa sai ta fashe nake zuwa.
Majemi bai taɓa aiko yaro ya ce mini ta tsufa ba,
kuma ban ga ranar da kalanguna
ya ƙi amsa wa sabon kalangu a fili ba.

Ba wanda ya ce uffan.
Na kira Sagir, na ce warware aikin,
turo shi sauti-sauti, ganga daban, murya daban.
Ya yi tsaki, ya turo.
Tsohuwar ta karɓa ba gardama.
Baba ya matse tsarkiya,
koren layi ya hau rawa a allo kamar kullum.

Da dare, bayan kowa ya watse,
na ciro rasit ɗin, na haska da waya.
Can ƙasa, cikin rubutu kamar ƙafar tururuwa,
ban ga inda aka ce na mallaka ba.
An dai ba ni izini.

Saƙon yana nan, saura kwana shida.
Na jefa dubu uku a gwangwanin madara,
ban rubuta masa suna ba tukuna:
ko na sabon zubi,
ko na man janareto.