Makullai Tara

Makullai tara ne a ƙuguna,
babu ɗaya da ke buɗe ƙofata.
Bakwai na safe a unguwar Almagro,
manyan motoci na tari a titin Rivadavia,
ni kuwa ina bi gida-gida
ina karɓar amana mai ƙafa huɗu.

Fideo, siriri kamar tsinken tsire,
na wata likitar haƙori ce da ban taɓa gani ba,
sai dai takardarta a jikin firji: kada ya ci burodi.
Morcilla, baƙa, gajera, sarauniyar tsiwa,
ta tsani masu keke da duk mai hula.
Tagwayen gidan Benítez ba su san sunansu ba:
kira ɗaya, biyu su zo,
kira biyun, kowa ya yi kunnen uwar shegu.

Igiyoyi a hagu, leda a dama.
Nakan durƙusa in kwashe abin da suka ajiye,
mai kwat ya wuce yana yatsina fuska.
Wuce, maigida.
Albarkacin ledar nan takalminka ke sheƙi.

Sai makulli na tara.
Titin Bulnes, hawa na huɗu, lif ya mutu tun bara.
Doña Elvira Pasquini na zaune bakin taga,
tun da ƙugunta ya karye a watan Yuni
ba ta sake taka ƙasa ba.
Karenta Coronel, shekara goma sha huɗu,
furfura ta cinye masa baki,
ido ɗaya ya yi yana,
ƙafafun baya sun daina jin magana.

Matakala sittin da biyu ne. Na ƙirga.
Nakan ɗaure sauran a ƙofa, Anselmo mai gadi ya sa ido,
in hau, in rungumo kilo ashirin da uku,
zuciyarsa na ƙwanƙwasa ƙirjina
kamar baƙon da ke jin kunyar shigowa.

A ƙasa, shi ne limamin tafiya.
Matasan na ja, shi yana karatu:
kowane turken fitila jarida ne,
ba ya wuce shafi sai ya sa hannu.
Kafin mu kai lambun Centenario
rana ta take, shayina ya huce.

In na mayar da shi, tambayarta ɗaya ce:
"Ina da ina kuka bi?"
Sai in zayyana mata: gaban mai burodi,
shagon Rubén mahauci da ya jefo guntun ƙashi,
kwanar da ake haƙa rami wata uku ba a rufe ba.
Ta cusa hanci a gashin wuyansa,
ta shaƙi hayaƙi da danshin ciyawa,
ta tsince furen jakaranda daga tsakanin yatsunsa
ta jera a faranti.
Da ƙafar kare take yawon unguwarta.

Ranar Talata ya ƙi.
Taku biyar daga ƙofa ya kwanta a hantsi,
ya ɗora haɓa a kan takalmina.
Na yi lallashi, na yi fito. Ko gezau.
Sai na zauna a dakali, sauran suka kewaye mu,
har Morcilla ta bar mai keke ya wuce lafiya.

Da muka hau na ce mata mun kai bakin tafki,
har ya kori tattabara.
Ta ɗaga ƙafarsa, ta duba, ta daɗe.
"Nahuel," ta ce, "tattabarar fara ce ko baƙa?"
Na ce fara.
Ta gyaɗa kai. "Gobe ku je har wajen masu littattafai."

Yanzu dare ya yi, ina hanyar gida,
bayana na ciwo, rigata duk gashi.
Na tsaya ƙarƙashin bishiya
na cika aljihu da fure.