Askar Ubana

Ran kasuwar Jiratawa suka zo da farar mota,
suka kafa tebur gindin bedi, daf da rumfata.
Majo Hankurau na huda yatsa,
ɗigo nan, ɗigo can, kan ƴan tsinkaye biyu.

Ni wanzami ne, jini ba baƙona ba ne.
Na san na jinjiri ran suna,
na san baƙin da ƙaho ke zuƙowa daga bayan manomi.
Amma ban san jini na magana ba
sai ran nan.

Nomau ya taho riƙe da takarda kamar garwashi,
ya zauna kan tabarmata, bai tuɓe hula ba.
Ya ce, "Barmu, biyu ne.
Ciwon hanta, da wadda ba a faɗi da ƙarfi."
Tun kaka idonsa ya yi rawaya,
muna cewa shawara ce, muna ɗura masa sassaƙe.

Baƙi biyu a gida ɗaya, in ji majo,
wannan na kwance danga, wancan na cin rumbu,
kuma sau da yawa ƙofa guda suke biyowa.
Sittin da uku aka gwada kafin la'asar.
Bai kama suna ba, ya dai ce huɗu irin Nomau ne.
Huɗu,
a garin da in akuya ta ɓata kowa ya san mai ita.

Da dare na zazzage zabira.
Askar ubana, ƙotarta ta yi sulɓi don hannu,
ta bi kan liman, ta bi kan ɗan dambe,
ta bi nawa.
Na tambaye ta. Ƙarfe ba ya amsawa.

Ban ce ni ne ba.
Ban iya cewa ba ni ne ba.
Washegari na bi su Safo, na miƙa yatsana.
Abin da tsinke ya ce, tsakanina da majo ne.

Yanzu kowane kai da sabuwar rezarsa.
Na ƙara dala biyar, ana ta gunaguni.
Nomau kan hau kabu-kabu zuwa Maradi karɓo magani,
ƙwaya guda da dare, tana tare baƙin duka biyu.
An yi wa jinjirarsa allura tun cibiya ba ta faɗi ba.
Har yau akushi ɗaya muke sa hannu.

Jiya ya zo, wuya ya fara cikowa.
Ya dubi askar, rataye a ƙusa,
ya tuɓe hula ya ce,
"Ka bar mini sajen, Cima na so."