Hannun Kaskon Graciete

Sau uku Graciete ta liƙa hannun kaskon miyar kifi,
sau uku yana rabuwa.
Na farko cikin ruwan wanke-wanke,
na biyu ranar Lahadi a gaban surukai,
na uku ba wanda ya taɓa shi,
tana shanya a baranda ta ji ƙas,
kamar an karya ƙashin sardin.

Bututun sufa-gulu bai kai ɗan yatsa ba.
Ɗigo biyu, ƙirga goma, ya kama.
Ya taɓa kama mata manuniya da babban yatsa,
ta wuni tana nuna wa maƙwabta
kamar mai riƙe da gishirin da ba a gani.

Ta naɗe kaskon a tawul,
ta gangara tashar ruwa ta Peniche,
iska na ɗauke da ƙarni da warin dizal,
Albano na kwance ƙarƙashin wani kwale-kwale,
ƙafafunsa kaɗai a waje.

Ya fito, ya juya hannun kaskon a tafinsa.
"Nan akwai giɓi. Ina ɓarin?"
"Tsintsiya ta tafi da shi tun bara."
"To wancan gam ba ya cike giɓi.
Baki da baki yake so, ko gashi kar ya ratsa.
Zafi na gajiyar da shi, ruwa na cin gindinsa,
in ya bushe gilashi ne, bugu ɗaya ya tsage."

Ya kankare tsohon gam da wuƙa,
ya goga samfefa har yumɓun ya yi kaushi,
ya share maiƙo da tsumma.
Sannan ifoksi: bututu biyu,
ɗaya fari kamar ruwa, ɗaya kalar zuma.
Ya matsa su kai ɗaya bisa kwalin taba,
ya dama da tsinke, ya dama,
har Graciete ta duba agogo.

"Sauri ya haifi nawa," in ji shi, bai ɗago ba.
Ya shafa ta waje, inda miya ba ta kaiwa,
ya ɗaure da robar tayar keke.
"Gobe war haka. Kuma ban da tanda."
"Gobe? Daren yau fa?"
"Ki ci burodi."

Tana shirin tafiya ta ga gilashin idonsa,
ƙafa ɗaya na sheƙin busasshen ɗigo.
"Wannan fa?"
Ya yi dariya har da tari.
"Ai ba ya ɗaukar miyar mutum shida.
Hancina kawai yake hawa."

Ya miƙa mata kwalin da ragowar haɗin,
tsinken na tsaye a ciki.
"In hannunki ya yi ƙaiƙayi, taɓa wannan.
Kaskon kuwa ki ƙyale shi."

Ƙarfe goma na dare ta taɓa: danƙo.
Sha biyu, farce na shiga.
Da asuba, jirage na fita,
ta ja tsinken, kwalin ya biyo shi.
Duk da haka ta jira la'asar.

Ta kwance robar. Layi ya fito, ruwan ƙasa,
da ɗan tudu inda giɓin yake.
Ta cika kaskon da ruwan famfo,
ta ɗaga a saman gado, don ko da,
ta ƙirga goma bisa sabo,
ta zarce har sittin.