Shagon Kawu Tanimu a Panteka

A Panteka, bayan layin masu ƙera murhu,
inda guduma ba ta hutawa sai an kira sallah,
Kawu Tanimu ke da shago mai faɗin tabarma biyu.
Amma in ka shiga sai ka rantse fili ne:
madubi na kallon madubi,
ni kaɗai na zama jama'a.

Ranar da na fara koyo bai ba ni abin yanka ba.
Ɓallin madubi ya miƙo min, ya ce, "Kamo min rana."
Na karkata shi, ta faɗa kan kwanon rufi,
na ƙara karkatawa, ta shiga idon mai shayi,
ya yo min daƙƙuwa daga tsallaken titi.
Kawu ya yi dariya har hularsa ta zame.
"Ka gani? Madubi ba ya cin bashi.
Da kwanar da haske ya zo masa, da ita yake mayarwa,
ba ragi, ba ƙari,
ba gyara irin ta masu tumatir."

Wata Juma'a muka gangara kogi ta Kabala,
ruwan rani, garau, ana ƙirga duwatsun ƙasa.
Ya tsoma sandarsa.
Na ce, "Kawu, ta karye!"
Ya zaro ta, ga ta sambal, tana ɗiga.
"Sanda lafiyarta lau. Haske ne ya sauya tafiya.
A iska gudu yake, a ruwa dole ya sassauta,
kamar amalanken da tayarsa ɗaya ta riga shiga yashi,
ko ba ya so sai ya karkace.
Shi ya sa mai mashi ba ya sukar kifi inda ya gan shi,
ƙasa kaɗan yake nufa."

Akwai wani gilashi mai tumbi da ke kwana a aljihunsa.
Da shi tururuwa ke zama akuya,
zaren riga ya zama igiyar guga.
Da tsakar rana yakan tara hasken da ya warwatse
ya matse shi ya koma ɗigo ɗaya,
takardar rasit ta yi baƙi, ta yi hayaƙi.
Bai ce komai ba a kan wannan.
Ni ma ban tambaya ba.

Masu keke kuwa madubi mai doro suke so,
wanda ke cusa rabin titin Kawo cikin tafin hannu.
Yakan ce musu, "Tirelar da ka ga ta yi ƙanƙanta,
tana bayan kunnenka."

Shekara goma sha ɗaya.
Sai layinsa ya fara kaucewa,
yana laluben ma'auni alhali yana gabansa,
yana nesanta takarda har hannu ya ƙare.
Na ɗauke shi a babur zuwa asibitin ido na Mando.
Likita Bilhatu ta ɗora masa firam mai nauyi,
tana zare gilashi, tana zura wani.
"Wannan ko wancan?"
"Hazo."
"Wannan fa?"
"Hazo mai dama-dama."
A na biyar ya yi shiru.
Ya karanta layin ƙarshe, ƙananan nan kamar ƙwayar gero,
sannan ya juyo ya dube ni tsawon lokaci.
"Yaushe ka yi furfura?"

A hanyar dawowa, a kan gada, ya ce in tsaya.
Rana na faɗuwa, kogi ya ɗauke ta yana mayar wa sama.
Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.
"Shekara arba'in ina tanƙwara wa mutane haske,
yau an tanƙwara min nawa.
Tayar da babur, Ilu,
akwai madubin wanzami da ban gama ba."