Rufe Littafin, Ki Faɗa Mini

A Duluth hunturu ba ya sallama, faɗowa kawai yake.
Tafki ya daskare, jiragen dakon tama sun kwanta a gaɓa.
Ni kuwa ina gadin injinan wanki goma sha huɗu
daga tashi makaranta har ƙarfe tara,
littafin tarihi a cinya, kayan mutane na juyi a bayan gilashi.

Na ɗauka na iya karatu.
Shekarata goma sha bakwai, kalma ba ta taɓa kayar da ni ba,
idona na zamewa kan layi kamar taya kan ƙanƙara,
ba birki, ba sawu.

Wata Talata Malama Koskela ta kawo barguna biyu.
Ta yi ritaya, bakinta dai bai yi ba.
Ta leƙo, ta sa yatsa tsakiyar shafi, ta rufe.
"Linnea, me mutumin nan ya ce?"
Na buɗe baki. Inji na bakwai ne ya amsa.
Shafi uku na sha, ban fito da ko cokali ɗaya ba.
Ashe da kwando nake ɗiban ruwa.

Ta zaro fensir daga gashinta, guntu, duk an taune shi.
"Jami'a ba ruwanta da yawan shafin da kika wuce.
Yi gardama da shi, littafi ba ya fushi.
Duk inda ya ce 'saboda haka', ja birki, koma baya,
ki duba ko ya biya kuɗin wannan 'saboda'.
Kalmar da ta yi miki baƙunta,
tambayi maƙwabtanta tukuna, su suka san halinta."

Sai na raba dare yadda inji ya raba shi:
wanki minti ashirin da takwas, littafi a buɗe;
busarwa, littafi a kife,
in rubuta abin da ya rage a kaina a bayan rasit.
Farko layi biyu. Ɗaya ma ƙarya ne.
A gida in kama ƙanena Eino in yi masa bayani,
shi kuma ba ya yafiya: "To, sai me ya faru? Don me?"
Inda na yi in-ina, nan ne ban gane ba.

Jarrabawar gwaji ta Janairu na sha ƙasa.
Na yi kuka a ɗakin sabulu,
na fito na ninke tawul ɗin wani.

A Fabrairu takarda ta zo daga mai gida.
Baba ya juya ta sau uku da hannun da sanyi ya tsattsaga,
ya ce, "Wata guda suka ba mu."
Na ɗauko yarjejeniyar haya daga saman firij,
na zauna mata da guntun fensir.
Sakin layi na goma sha ɗaya, can ƙasa,
wata 'yar "sai dai idan" ta laɓe kamar ɓera.
Na tambayi maƙwabtanta.
Allura ta tono garma: muna nan har bazara.
Baba bai ce komai ba. Ya dafa mini shayi,
ya zuba sukari fiye da kima.

Malama Koskela ta koma wurin 'yarta a kudu,
ba ta karɓi fensirinta ba.
Ya gajarce, da ƙyar yatsu ke kama shi.

Yau ƙanƙarar tafki ta fara tsagewa,
jirgin farko ya yi kuka a ƙarƙashin gada.
Jarrabawa Asabar ce.
Ban san me za su ce ba.
Inji na bakwai ya shiga busarwa,
na kife littafin.